Ranar da Muka Kashe Inji Saboda Gwaggo

Ina tsugune ina bakacen gyaɗa maƙwabciyar Gwaggo ta yi sallama. Ta ajiye mini zanen ankon ƙungiyarmu a gefen faifai, a ninke, wankakke, har yana ƙamshin sabulu. Ta ce, "Gwaggo ta ce a ba wata. Wai ta gaji, tsufa ya zo." Na dubi zanen, na dubi matar, na ce, "Wace Gwaggon? Tawa?" Ta ce tawa fa. Wallahi sai da na nemi wuri na zauna sosai.

Gwaggo yayar mahaifina ce. Ta yi zaman aure can Sae Sabuwa shekara da shekaru, da mijinta ya rasu ta dawo garinmu, wani ɗan gari tsakanin Agiye da Gazawa, ta dawo da Gobiranci a baki da sana'ar man gyaɗa a hannu. Ita ta tara mu tun muna amare, ta koya mana tuya da daka da matsa da murza ƙuli-ƙuli, har muka zama ƙungiyar da hukuma ta sani. Da aka zo zaɓen shugaba ta ce ita ba ta yi lakol ba, a ba ni, tunda na ɗan leƙa aji kuma bakina ba ya mutuwa. Ita ta riƙe wuta. Duk gyaɗar da ta zama mai a gidan aikinmu, ta kaskonta ta bi.

Ba tuyar ce ta tsaya mini a rai ba, tuya ana koyo. Ni dai ban san yadda zan shiga gidan aikin nan da safe in tarar babu ita ba. Ga kuma matan unguwarsu, na san halinsu sarai: inda ta sa ƙafa nan suke sa tasu. In Gwaggo ta zauna a gida, ƙungiya ta rabe biyu ke nan, ko da ba a yi faɗa ba.

Abin da ya ɗaure mini kai, a lokacin ne muka fi jin daɗi. Bai fi shekara ba da wani furoje, irin shirin tallafin nan, ya ba mu injin niƙa. Ranar da aka kawo shi daga Agiye a kan amalanken jaki, mun yi guɗa har maƙogwaro ya bushe, tsofaffi na rawa, maza na leƙe ta saman darni. Kar wani ya ce na zagi inji, inji albarka ne. Da can mace za ta yini kan turmi ta koma gida hannu duk kanta, ƙirji na ciwo, ga tuwon dare na jiranta. Da inji ya zo, abin da muke yini muna daka kafin azahar ya zama tarihi. Ƙuli-ƙulinmu ya cika kasuwar Gazawa, 'yan kasuwa daga ƙetaren iyaka suna aiko masu kabu-kabu su ɗauka tun da ɗumi.

Wadda ta koyi tada injin kuwa wata Bafillatana ce daga rugar da ke arewa da gari, wadda ta fara da kawo mana nono har ta zama tamu. Doguwa ce, ba ta tsoron komai. Ta ɗaure ɗankwali tam, ta kama hannun injin ta juya shi har ya yi tari ya kama, ta juyo tana dariya. Tun ranar take kirana "Farzidan", wato shugaba da Faransanci, wai tunda ita ta zama direba, dole ni ma a ɗaga mini suna.

Tare da injin aka turo mana wata malama daga buro, wato ofishin furojen, mutuniyar kirki mai fara'a, ta koya mana rinyo, wato zaman taro. Duk wata a zauna a zagaye, shugaba ta tambaya ko akwai mai damuwa, mai damuwa ta ɗaga hannu ta faɗa. Ni abin ya yi mini daidai, don ni ban iya ƙunbiya-ƙunbiya ba, abin da ke cikina shi ke bakina. Sai in tsaya in ce, "Jama'a, akwai mai magana?" Su ce, "Lahiya lau, shugaba." In sake tambaya, su sake cewa lahiya lau. In koma gida ina ce wa maigidana ai ƙungiyarmu tsintsiya ce, maɗaurinmu ɗaya.

To ga tsintsiya ta aiko mini da zane a ninke. Washegari da hantsi na tafi gidan Gwaggo. Na tarar da ita ta dawo daga gona ke nan, ta sauke wani ƙaton ƙunshin wake da ni kaina sai na yi nishi kafin in ɗaga shi. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta dama mini fura, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, har da akuyata da ta haihu. Na ce, "Gwaggo, me aka yi miki?" Ta ce, "Ba a yi min komi ba, ɗiya. Tsuhwa ne." Na ce, "Haba Gwaggo! Wanda tsufa ya kama ba ya roron wake tun asuba." Ta ce, "To ki kai ni wurin jandarma." Na yi lallashi, na yi fushi, na haɗa ta da girman mahaifina. Ta ce in shanye furata kar ta tsinke. Na fito ina huci, har ban ankara ba ashe takalmina ɗaya ba nawa ba ne sai da na kai bakin rijiya.

Ruwa ba ya tsami banza, wannan na sani. Na bi matan unguwarsu ina tambaya, kowa ta ce ita ba ta ji komai ba. Ƙarya suke, fuskokinsu sun nuna, amma ko da adda ba za ka buɗe bakinsu ba.

Ana cikin haka surukar Bafillatana ta haihu, aka sa ranar suna. Mu duka muka cika amalanke muka nufi ruga tun ana jibi suna, don taya dakan gero. Gwaggo ma ta zo, ai barin aiki ba barin zumunci ba ne. Ta zauna can gaban amalanke ta ba ni baya, tana hira da jakin. A ruga aka tarbe mu da "jam, jam" da ƙwarya-ƙwaryar kindirmo, aka jera turame a ƙarƙashin wani babban gawo, aka zuba gero. Mata uku-uku suka kewaye kowane turmi, lugude ya tashi.

Da na ji lugudan nan sai na tsaya ina sauraro. Ashe tun da inji ya zo ban sake jin sa a gidan aikinmu ba, kuma ban lura ba.

Muna da wata al'ada a da, Gwaggo ce ma ta zo mana da ita. In wata ta ɓata wa wata rai a wurin aiki, ba a tsayawa cacar baki. Sai an kama daka, mai ƙorafi ta sa abin cikin waƙa, a gaban kowa, sauran mata su amsa, "Ahayye, turmi ya ji." Dokar kuwa mai tsauri ce: abin da aka faɗa a bakin turmi ba a fushi da shi, ba a kai shi gida, ba a tare mutum da shi a hanya. In kina da amsa ki ba da ita cikin waƙa, in ba ki da ita ki gyara halinki gobe. Akwai wata da kullum sai rana ta take take zuwa, aka yi mata waƙar amaryar da barci ya aura, ta yi dariya har da hawaye, washegari ita ta share wurin kafin kowa ya zo. Ni kaina an sha yi mini, yawanci a kan bakin nan nawa. Mukan yi ta ne muna shewa, ba wanda ya taɓa ɗaukar ta wani abu. Da inji ya zo muka raba turame, wani ya koma gidan mai shi, wani ya zama kujera.

Ina cikin wannan tunani sai na ga Gwaggo ta miƙe, ta karɓi taɓarya a hannun wata, ta tofa yawu a tafi. Ta yi bugu kaɗan ta kama lugude, sannan ta ɗaga murya:

"Sun kai ni bayan katanga,
Ni da hayaƙi muna hira.
Ɗiyan da nig goya jiya
Su ka kira na da hannu:
Yi maza, tsohuwa, yi maza,
Ƙarhe na jin yunwa."

Aka amsa "turmi ya ji", amma a sanyaye, kowa kanta a ƙasa. Ni kuwa taɓaryata ta tsaya a sama. Kai! Gaskiya ta faɗa, babu ƙari ko ɗaya. Da aka kafa inji a tsakar gidan aiki, an ce wuta da gazuwal, man da injin ke sha, ba sa zama wuri ɗaya, sai muka mai da murhu bayan katanga. Can Gwaggo ke yini ita kaɗai. Inji kuma cinsa ya fi tuyarta sauri, ga ƙara ba a jin magana, sai 'yan matan cikinmu su leƙo ta kan katanga su yi mata hannu, ko su ƙwala mata kira kamar ana kiran mai tallan goro. Babu mai mugun nufi a cikinsu. Amma mace mai furfura, a yafito ta da hannu kullum, safe da rana! Kuma a ce ta zo rinyo ta ɗaga yatsa ta kai ƙarar 'ya'yan da ta goya? Gara ta ce tsufa ne.

Ashe kuma ba ita kaɗai ba ce cike. Da Gwaggo ta buɗe ƙofa sai ga su nan suna fitowa. Wata ta yi waƙar masu ɗaukar robar wanki ba sa mayarwa. Wata ta yi ta wadda ke zaɓar inuwa ta bar wa mutane rana. Bafillatana ta karɓe, rabi Hausa rabi Fulatanci, ta ce injinta ya toshe mata kunne har maigidanta na cewa ta fara raina shi, kuma kafin ta gama goge wa injin jiki an cinye ɗumamen an bar mata kwano. Nan fa aka fashe da dariya, aka yi ta shewa ana tafi, matan ruga da ba su san kan zancen ba su ma suna amsawa. Damuwar wata da watanni, wadda na yi ta tambaya ana ce mini lahiya lau, ta zube ƙarƙashin gawon nan kafin gero ya yi gari.

A nan na gane abin da nake gaya wa sababbin ƙungiyoyi yanzu in sun zo ganin aikinmu. Kowane gidan aiki yana da ƙofar da gaskiya ke bi ta fita, kuma ba lallai ita ce ƙofar da shugaba ke tsaye a kai ba. Mu mun ɗauka turmi gyaɗa kawai yake daka mana. Muka sallame shi da murna, ba mu tambaya ko akwai wani aikin da yake yi ba.

A hanyar komawa na ce yau ko ana ha maza ha mata sai na je na durƙusa wa Gwaggo na ba ta haƙuri. Bafillatana da ta rako mu ta kama gefen zanena ta ce, "Farzidan, kul! In kin kai mata magana gida kin karya doka, kuma kin kunyata ta. Abin turmi, turmi ke mayarwa." Na ce, "To ni zan yi waƙar?" Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Allah ya kiyaye. Amma ke ce shugaba."

Dole in faɗi gaskiya a nan. Allah ya ba ni baki, bai ba ni murya ba. Tun ina yarinya ko a dandali a baya ake ajiye ni, wai ina ɓata wa mutane amshi. Ban taɓa ba da waƙa a bakin turmi ba, amshin ma sai a ce in sassauta.

Na tara mata ban da Gwaggo, muka yi shawara, wannan karon kuwa kowa ta yi magana. Muka ce tunda wuta da gazuwal ba sa haɗuwa, to inji ya tashi, wuta ta dawo. Mazajenmu suka kwaɓa ƙasa suka gina masa ɗan ɗaki can lungun gabas, suna yi suna tsiya wai an yi wa ƙarfe ɗakin amarya. Aka mai da murhu gindin bishiyar bedi, tsakiyar gida, inda yake tun farko. Muka yanke cewa duk Alhamis da safe ba za a tada inji ba sai an daka yajin ƙuli-ƙuli da hannu, citta da barkono da kanumfari, kowa na nan. Da na gaya wa malamar buro, na zaci za ta ce ɓata lokaci ne. Sai ta tafa hannu ta ce, "Ashe kuna da rinyonku tuntuni! Ku riƙe nawa don lissafin aiki, ku riƙe naku don zuciya." Har ta ce a ajiye mata taɓarya.

Saura yadda za a yi Gwaggo ta tako. In an aika kiranta ba za ta zo ba, na san kayana. Amma tana da wani babban turmi na ƙirya da ta zo da shi daga Sae Sabuwa, ba ta hana aro, sai dai ba ya zuwa ko'ina ba tare da ita ba, don ta ce mutanen yanzu ba su san darajar itace ba. Ranar Alhamis na tura mata biyu da amalanke, na ce su ce ƙungiya na roƙon aron turmi. Ba a jima ba muka ji muryarta tun daga bakin hanya, tana faɗa wai an yi ɗaurin igiya kamar na marasa ci.

Ta tsaya a bakin ƙofa, hannu a goye a baya. Gidan shiru, ba ƙarar inji, har kukan kurciya ana ji. Ta dubi inda injin yake a da, ta dubi murhu a gindin bedi. Aka sauke turmi, aka zuba citta. Na kama taɓarya, Bafillatana ta kama, wata ta uku ta kama. Na yi bisimilla a zuci na buɗe baki:

"Gwaggo ta ce tsufa ne,
Tsufan da ke roron wake!
Mun ji, mun ji, mun ji kunya,
Mun kai ƙarfe can lungu.
Wuta ta dawo tsakar gida,
Mai wutar fa, ina take?"

Wayyo Allah! Ban kai tsakiya ba murya ta tsage. Na saki lugude, taɓaryata ta gwabza ta Bafillatana, citta ta yi tsalle ta watse, kajin da ke kiwo a gefe suka tashi da kuka. Matan da ya kamata su amsa mini suka kasa, wannan ta riƙe ciki, waccan ta faɗa kan buhu, wata ta toshe baki da mayafi kafaɗunta na rawa. Ni dai na rufe ido na ja abata har ƙarshe, don na rantse ko zan mutu sai ta ji baitin ƙarshen nan.

Da na buɗe ido Gwaggo na gabana. Leɓenta na rawa, tana ta kokawa da dariya. Ta ce, "Subahanallahi! Ke ɗiya, wa ya yi miki wanga mugun baki? Kawo taɓaryag ga tun ba ki hwasa min turmi ba." Ta fizge, ta gyara ɗaurin zane, ta buga sau ɗaya, sauran suka bi ta, lugude ya zauna daram. Ta ɗaga murya:

"Shugaba ta yi waƙa,
Allah shi ba mu haƙuri.
In za ta sake ku hwaɗa min,
In koma Gobir da ƙahwa.
Kun mai da wuta, na gani,
Amma ɗanyen icce kunka tara.
Wa ka tuya da ɗanyen icce?
Gobe a kawo min busasshe."

Gobe! Ta ce gobe. Amshin da aka yi mata ranar, na tabbata an ji shi har bakin kwalta. Guɗa ta tashi ta kowane gefe, Bafillatana ta jefa taɓarya sama ta yi tafi ta cafe, matan unguwarsu da suka biyo ta suna leƙe a ƙofa suka shigo da rawa. Ni kuwa farin ciki ya cika ni har na rasa inda zan sa kaina.

Da aka gama daka Gwaggo ta je gindin bedi ta zauna a gaban murhu, tana jujjuya itacen da ƙafa tana tsaki. Ɗaya daga cikin 'yan matan da ke yi mata hannu ta kan katanga ta ɗauko kwanon gyaɗa, ta zo ta durƙusa har ƙasa tana jira. Gwaggo ta ƙyale ta ta ɗan ji a gwiwa. Sannan ta matsa mata gefen tabarma ta ce, "Zamna nan kusa da ni. Tunda kin iya gaggawa, yau ki koyi jira."

Ina tsaye a bayansu ina share fuska da bakin zane, hawaye sun ƙi tsayawa. Gwaggo ta waiwayo ta ce, "Ke kuma mi ne ne?"

Na ce, "Hayaƙi ne, Gwaggo."

Ta ce, "Wane hayaƙi? Ko wutar ban hura ba. Tahi ki ɗebo min garwashi maƙwabta, aiki na jiranmu."

Na ɗauki tsingaro na fita da gudu, ina kuka ina dariya, uwar 'ya'ya da ni.